Mai Tara Tsohon Majigi: Wauta Ce Ko Riƙon Amana?

Sha'awar 'yan Adam iri iri ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani doki ne ya ɗauke masa hankali, wani tantabaru, wani kuwa tsofaffin littattafai. To, a ƙasashen Turai akwai waɗansu mutane da tasu sha'awar ta fi waɗannan duka ban mamaki. Ba abin da suke nema sai tsofaffin hotunan majigi, waɗanda yanzu ake kira fim, musamman irin na waƙa da ban dariya da aka yi a Faransa tsakanin 1930 da 1940. Shahararrun ma ba su cika damunsu ba. Sun fi son waɗanda duniya ta manta da su sarai, waɗanda 'yan wasan cikinsu sun mutu, 'yan kallonsu sun mutu, gidajen da aka nuna su ma an rushe. Sai mutum ya yi shekara da shekaru yana cigiyar fim guda, in ya dace ya zuba kuɗi ya saya, ya kai gida ya killace, yana murna kamar wanda ya tsinci dami a kala.

In ka ba da wannan labari a kasuwar Jega, ko a gindin itacen da dattawan Liba ke hira bayan La'asar, abin da za a ce maka sananne ne. Za a ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, gama wanda ya san zafin neman abinci ba ya ɓad da kuɗinsa a kan rawar matattu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa za mu yi watsi da ita ba. Amma ya kai mai karatu, alƙali nagari ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. Tambayarmu ita ce, mutumin da ya kashe dukiyarsa da lokacinsa wajen adana tsohon abin nishaɗi wanda kowa ya yar, wawa ne, ko kuwa yana ɗauke wa jama'a wani nauyi ne da ba su san yana kansu ba? Shari'ar nan ta shafe mu, ko da ba mu jin Faransanci ko kalma ɗaya.

Bari mu fara da duban kayan da ake jayayya a kansu. Fim na zamanin da ba irin wannan mai shiga wayar hannu ba ne. Wata doguwar ɗamara ce siririya mai santsi, haske na ratsa ta, an jera mata ƙananan hotuna dubu bisa dubu, kowane ya ɗan bambanta da wanda ke gabansa. Akan naɗe ta kamar yadda masaƙi ke naɗe abin da ya saƙa, a sa cikin wani gwangwani mai faɗi kamar faifai. In za a nuna, sai inji ya riƙa jan ta ta gaban fitila, hoto 24 na wucewa cikin daƙiƙa guda, ido ya ruɗe ya ga kamar mutanen motsi suke yi a jikin bango.

Waɗansu 'yan'uwa biyu Faransawa da ake kira Lumière su ne suka buɗe kasuwar abin, ran da suka nuna wa jama'a hotunansu don kuɗi a birnin Paris, watau ran 28 ga Disamba, 1895. Shekara talatin da 'yan kai fim bebe ne, sai dai a ga baki na motsi. A 1927 aka fito da mai magana da waƙa a Amurka, nan da nan kuwa Faransawa suka rungumi abin. Wani gwaninsu mai suna René Clair ya yi wani fim a 1931 wanda ake kira Le Million. Labarin wani matalauci ne mai zane, bashi ya yi masa katutu, sai takardarsa ta caca ta ci kuɗi masu yawa. Ashe takardar tana cikin aljihun tsohon kwat ɗinsa, budurwarsa kuwa ta riga ta ba wani tsoho kwat ɗin, shi kuma ya sayar. Haka aka dinga tseren neman kwat, da mai shi, da masu binsa bashi, da ɓarayi, da 'yan sanda, ana gudu ana waƙa. Wannan ya yi suna, ba wanda zai bari ya salwanta. Amma a gefensa an yi irinsa birjik, waɗanda aka nuna mako biyu ko uku aka tura ɗakin shirgi. Su ne naman dajin da mutanen nan ke farauta.

Me ya sa sai an yi farauta? Domin fim abu ne mai gajeren kwana, maƙiyansa kuwa uku ne. Na farko wuta. Har zuwa wajen 1951, ɗamarar nan da wani sinadari ake yin ta ɗan'uwan albarushi, wanda in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi. Mutanen Kano sun ga wannan da idonsu ran 13 ga Mayu, 1951, sa'ad da fim ya kama wuta a ɗakin inji na gidan silima na El Duniya, sama da mutum 300 suka rasu. Na biyu ruɓa. Irin da aka koma yi daga baya ba ya saurin kamawa da wuta, amma in zafi da laima suka same shi sai ya fara warin tsami, ya takure, ya manne da juna, har ya zama ba ya warwaruwa.

Maƙiyi na uku ya fi waɗannan biyu ɓarna, shi ne raini. Masu kamfani suna ganin fim kamar tuwon jiya ne, in an ci kasuwarsa shi ke nan. Akwai wani Bafaranshe, Georges Méliès, wanda ya yi fim wajen 500 tun farkon al'amarin. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko aka narkar da da yawa daga cikinsu don a ciri azurfar da ke jikinsu. A 1923, da karayar arziki ta same shi, baƙin ciki ya sa ya ƙone sauran da ke hannunsa, ya koma sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Paris. Wajen 200 da suka tsira daga aikinsa, a hannun waɗansu mutane dabam aka tsinto su, ɗaya nan ɗaya can. A Amurka kuwa, babban ɗakin karatu na majalisar ƙasar ya ba da lissafi a 2013 cewa kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan bebe da aka yi a can sun ɓace ƙurmus.

Yanzu sai mu ji ta bakin mai ƙara. Dattijo zai gyara zama ya ce, “Malam, duk na ji. Amma in abin ya ɓace, me aka rasa? Da littafin fiƙihu ne, ko tarihin sarakuna, ko maganin wata cuta, da mun ce a tashi a nema. Wannan kuwa wargi ne da tsalle-tsalle. Kuɗin da aka saye shi da shi zai haƙa rijiya. Kuma ni na san halin masu tara abu, yawanci don a ce da su ne, su nuna suna da abin da wani ba shi da shi.” Laifi uku ke nan aka jera: almubazzaranci, da shagala da abin banza, da alfahari. Ba ƙananan laifuffuka ba ne, kuma akwai masu tarawa da kowane ɗayansu ya hau kansu daidai.

Kafin mu amsa, sai mu leƙa zuciyar mai tarawan mu ga abin da ke jan sa. Akwai daɗin farauta, irin wanda maharbi ya sani, wanda in ka kai masa nama har gida ba zai ji daɗinsa kamar wanda ya bi sawu kwana uku ba. Akwai begen ƙuruciya, gama tsoho in ya ji waƙar da ake yi yana saurayi, sai ya tuna abokansa da suka riga shi. Akwai kuma son abin da ya yi ƙaranci, wanda shi ne ƙofar da alfahari ke shigowa ta ciki. Waɗannan duka amfaninsu a kan mai su ya tsaya, ba za su ishe shi hujja a gaban dattijon nan ba. Hujjarsa mai ƙarfi tana wani wuri dabam, ƙila ma shi kansa bai san da ita ba. Ita ce, tsohon fim shaida ne, kuma shaidan da ba a kitsa masa abin da zai faɗa ba.

Ga misali daga gida. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikatar shirya majigi don ƙasashen da take mulka. Daga nan motocin majigi suka riƙa zaga garuruwan Arewa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta bayan sallar Lisha, mai fassara ya kama lasifika yana bayani. Abin da ake nufi shi ne a koya wa jama'a tsabta, da gyaran noma, da amfanin karatu. Wanda aka fi tunawa a cikinsu shi ne Baban Larai, na shekarun 1950. To, a yau in ka sami irin waɗannan hotuna ka kalla, darasin da aka shirya su dominsa ya tsufa, an wuce wurin. Abin da zai kama idonka shi ne abin da mai ɗaukar hoton bai kula da shi ba: ɗinkin hular manomin, da irin garmarsa, da ginin rumbunsa, da kitson matar da ta gitta da tulu, da itatuwan da ke bayan gari waɗanda yanzu babu ko kututturensu. Ba wanda ya yi niyyar adana waɗannan, amma ga su sun adanu.

Duk wanda ya san aikin ofis ya san irin wannan. Littafin haraji da na jangali na zamanin En'e, malaman da suka rubuta su ba tarihi suke nufi ba, kuɗi suke ƙirgawa. Amma a yau masu binciken tarihi suna zuwa ɗakin ajiyar tsofaffin takardun Gwamnati da ke Kaduna suna buɗe irinsu, su ga sunayen ƙauyukan da suka tashi, da yawan shanun kowace gunduma, da sana'ar da mutane ke yi. Takardar da masinja ya so ya kunna wuta da ita ta zama ita ce mai raba gardama.

Fim na ban dariya kuwa ya fi na manya iya wannan shaida. In za a ɗauki hoton sarki ko gwamna, sai an share hanya, kowa ya sa rigar Salla, ya kame bakinsa. Amma wasan ban dariya a kan talaka ake gina shi, da ɗakin hayarsa, da mai binsa bashi, da surukarsa, da wayon da yake yi don ya ci abincin dare. Wanda ya kalli irin fina-finan nan na Faransa zai ga mutanen da suka fito daga babban yaƙi a 1918, ga kasuwa ta faɗi, ga wani yaƙin yana tafe a 1939, su kuwa suna mafarkin takardar caca da za ta fid da su daga talauci dare ɗaya. Littafin tarihi zai gaya maka ranar da aka yi yaƙi da sunan wanda ya ci. Abin da ke ba mutanen dariya, da abin da suke tsoro har suka mai da shi wasa, a wurin 'yan wasansu ake samunsa. Mu ma haka ne. In kana so ka san yadda Bahaushen da ke kallon rowa da kwaɗayi, ka saurari 'yan kama da 'yan gambara.

Ba muna cewa fim na raha ya yi daidai da littafin ilmi a ma'auni ba ne. Aikin da Wazirin Sakkwato Junaidu ya yi na tara rubuce-rubucen malaman jihadi da adana su ya fi ƙarfin a kwatanta shi da tara majigi. Amma ka lura da abu guda. Littafin ilmi darajarsa na tsaron sa, in yaro ya taka shi za a tsawata masa. Abin raha ba shi da mai tsaya masa, kowa ya ji daɗinsa ya wuce, ba wanda ke jin kunyar zubar da shi. Saboda haka shi ke fara mutuwa. Mutumin da ya sunkuya ya ɗauki abin da ba shi da gata, ya ajiye wa na baya, bai kamata a yi masa dariya ba tun ba a ga ƙarshen aikinsa ba.

Ƙarshen aikin ne ke raba masu tarawa gida biyu, manomi kuwa ya fi kowa sanin bambancinsu. Akwai mai ajiye iri, wanda da kaka yake zaɓen zangarniyar geron da ta fi kyau ya rataye, ko yunwa ta matsa ba ya taɓa ta, domin ya san da ita za a yi shuka baɗi, in maƙwabci ya rasa ma ya sam masa. Akwai kuma mai ɓoye hatsi, wanda ke toshe rumbu yana jiran a shiga wuya, wani lokaci har ƙwari su cinye bai amfana ba, bai bari an amfana ba. Dukansu ajiya suke yi, amma ɗaya ana sa masa albarka, ɗaya ana yi masa Allah wadai.

Faransa ta yi babban mai ajiye iri, sunansa Henri Langlois. Tun yana saurayi ya ga ana sayar da fina-finan bebe a kan awo don a narkar, tun da masu magana sun kashe musu kasuwa. Sai ya shiga saye da roƙo yana tarawa, har ana ba da labarin cewa a cikin bahon wankan gidansu ya fara jibge su. A 1936 shi da abokansa suka kafa gidan ajiyar fina-finai na Faransa. Da Jamusawa suka mamaye Paris daga 1940 zuwa 1944, ya yi ta dabarar ɓoye waɗanda ake tsoron za a ƙwace ko a hallaka. Ra'ayinsa shi ne kada a zaɓa, a ajiye mai kyau da wanda ake gani maras kyau, domin mutanen yau ba su san abin da jikokinsu za su nema ba. Abin da ya fi ɗaukaka shi kuwa, bai kulle ƙofa ba. Kullum yana nuna abin da ya tara, samari suna cika ɗakin. Daga cikin samarin nan aka sami François Truffaut da Jean-Luc Godard, waɗanda suka zama manyan masu shirya fim na ƙasar. Iri ya tsira, an shuka, ya yi yabanya.

Duk da haka ba a rasa nono a ruga. An zarge shi da sakaci wajen tsara lissafi da kula da ma'ajiya, har Gwamnati ta tuɓe shi a watan Fabrairu na 1968. Almajiransa da manyan masu fim na duniya suka tashi tsaye, aka mai da shi a watan Afrilu. A nan akwai darasi biyu. Jama'a ba su manta wanda ya buɗe musu rumbunsa ba. Kuma ƙauna kaɗai ba ta isa riƙon amana, sai an haɗa da rubutu da tsari, domin gwangwanin da ba a rubuta sunan abin da ke ciki ba, da shi da ɓatacce kusan duk ɗaya ne.

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin Shaihu Umar, aka buga shi a 1934. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da harshen Hausa. Bayan 'yan shekaru sai fim ɗin ya yi ɓatan dabo, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a babban taron fina-finai na birnin Berlin a 2018, shekara 42 bayan an yi shi. Da wani ma'aji ya ga gwangwanayen nan sun tare masa wuri ya sa an zubar, da shi ke nan. Adamu Halilun nan kuma ya yi wani fim a kan Kanta, Sarkin Kabi mai birnin Surame. Labarin ƙasarmu ne, na kakanninmu. Ka bi tun daga Maiyama har Argungu kana tambaya, ka ga mutum nawa za ka samu da ya taɓa sa shi a ido.

To, yanzu ma iya yanke hukunci. Dattijon da ya kawo ƙara ya yi gaskiya a kan mai tarawa iri ɗaya, watau wanda ya hana iyalinsa haƙƙinsu don sha'awarsa, ko ya kulle abin da ya samu don kada darajarsa ta ragu in wani ya gani. Irin wannan marowaci ne, sai dai shi da gwangwani yake rowa maimakon kuɗi, kuma ran da ya mutu magada za su zubar da kayan a juji, gama bai koya wa kowa sanin darajarsu ba. Amma wanda ya sauke nauyin gidansa tukuna, ya adana abin yadda ba zai lalace ba, ya rubuta asalinsa, ya bar mutane su gani su kwafa, wannan ma'ajin jama'a ne ko da ba wanda ya naɗa shi. Kuɗin da ya biya ya mallaka masa gwangwanin, amma fuskoki da muryoyin da ke ciki na 'ya'yan mutanen ne da jikokinsu.

Saura magana guda. Wani zai ce, “In a cikin tsohon abin akwai wanda bai dace ba fa, shi ma a ajiye?” Ajiyewa dabam, yabawa dabam, nuna wa yara kuma dabam. Ƙasarmu ta yi Gambu na Fagada, mai waƙar ɓarayi. Ba mai hankalin da zai ce sata abin kirki ce, amma malaman jami'a sun yi nazarin waƙoƙinsa, sun ciro Hausa mai zurfi da sanin halin wani ɓangare na jama'a wanda ba a samu a littafi. Mai magani yana ajiye ɗaci a kan kanta inda hannun yaro ba ya kai, ba ya zubarwa. Sanin abin da za a fitar, da wanda za a fitar wa, yana cikin aikin mai riƙon amana.

Abin da ya sa maganar nan ba ta jiran gobe shi ne, namu kayan suna cikin mutuwa yanzu haka. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan fina-finan Hausa suka yi ta fitowa dubbai, da na waƙa, da na ban dariya irin na marigayi Rabilu Musa Ibro. Kaset bai fi fim ƙarko ba, zafi na narkar da shi, ƙura na cin sa, laimar damina na sa masa fumfuna. Injin kallonsa ma kamfani na ƙarshe da ke ƙera shi, a Japan, ya daina a 2016. Ban da waɗannan, akwai kaset ɗin rediyo da aka ɗauki makaɗan ƙauye waɗanda ba su taɓa shiga gidan rediyo ba, da na dambe, da na kokawa, da na naɗin sarauta, da na biki inda ake ganin tsofaffin da yanzu suna ƙasa. Da yawansu kwafi ɗaya ne tak a duniya, yana cikin wata tsohuwar adaka, ko a buhu a kan rufin kwano.

In akwai irinsu a gidanka, ka fid da su daga rana da laima, ka sa su a ɗakin da ya fi sanyi. Kai da Allah ya ba sanin karatu da rubutu, ga wurin da za su yi maka rana: ɗauki alƙalami ka rubuta a jikin kowane, wane ne a ciki, a wane gari aka ɗauka, wace shekara, tun tsofaffin da za su gane fuskokin suna da rai. Ka nemi yaron da ya iya, ya juye maka su a kwamfuta ko a waya, ka raba kwafin a hannu biyu ko uku, kada a tara ƙwai a kwando ɗaya. In ka ga abin ya fi ƙarfin gida, akwai masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu, akwai ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Jos. Sa'an nan wata rana da dare ka shimfiɗa tabarma, ka tara yara ka kunna musu, su ga yadda kakanninsu ke tafiya, su ji abin da ke ba su dariya. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, babba da ƙarama, amin.